Tasalla da Kabewa Ƙi-Wuƙa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai kunne ya matso.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

To, a wani gari ne can bayan dutse aka yi wani tsoho ana ce masa Nomau. Yana da jika mace, sunanta Tasalla. Su biyu ne rak a gidan. Uwarta da ubanta sun rasu tun tana rarrafe, tsohon nan shi ya raine ta. Shi ya dama mata kunu, shi ya goya ta zuwa gona, shi ya yi mata kitson farko, ya fito a karkace. Yana kiranta amarya, tana kiransa ango, kamar yadda kaka da jika suke wasa.

Wata shekara fara ta sauka a garin. Ta ci gero, ta ci dawa, ta ci wake. Ta hau kan ɗakuna ta cinye yaɗon kabewa har jijiya. Abin da ya rage wa mutane sai ɗan tsohon hatsi a gindin rumbu.

A shekarar nan ciwo ya kwantar da Nomau. Da ma ba haƙori ko ɗaya a bakinsa, sai kuma maƙogwaro ya ƙi karɓar komai. Tasalla ta tuƙa tuwo, ya kau da kai. Ta dama kunu, ya kau da kai. Ta dama fura, ya kurɓa sau ɗaya ya dawo da ita.

Ta ce, "Ango, kwana uku ke nan fa. Ko so kake a ce na kasa riƙe miji?"

Ya ce, "Amarya, ba laifinki ba ne. Abu ɗaya ne raina yake so, kuma babu shi."

"Faɗe shi."

"Miyar taushe. Wadda kabewa ta narke a ciki har ba sai an tauna ba. Ita kam ina jin za ta wuce."

Ya juya ya fuskanci bango.

Tasalla ta fita. Ta shiga gida-gida tana sallama, ba kabewa. Ta zaga kasuwa rumfa-rumfa, ba kabewa. Ta dawo ta faɗa gidan maƙwabciyarsu, Gwaggo Lantana, ta zauna a bakin murhu ta yi tagumi.

Gwaggo Lantana ta ce, "'Yar nan, kabewa ɗaya ce ta rage a ƙasar nan, ita kuwa da ita da babu duk ɗaya."

"Tana ina, Gwaggo?"

"A kufai, inda tsohon gari yake. Akwai wani juji a can, aljani ne da shi. A kan jujin take, shekara bakwai ba ta ruɓe ba, fara ma ba ta iya da ita ba. Ƙi-Wuƙa ake ce mata. Sarkin Fawa ya je da addarsa, ya dawo ba adda. Mai faskare ya je da gatarinsa, ya dawo ba gatari. Maƙeri ya je da guduma, ya dawo yana ɗingishi. Ke da me za ki je?"

Tasalla ta ce, "Da wuƙar yanka albasa."

"Ke, zauna! Ƙarti sun kasa, sai ke da ko tulu ba kya iya ɗauka sai an ɗora miki?"

"Gwaggo, ki leƙa mini shi in rana ta yi. Ki jiƙa masa leɓe da ruwa."

Da gari ya waye ta wasa wuƙarta a dutse. Ta ɗaura zane, ta ɗaura ɗankwali, ta saɓi ƙwarya, ta kama hanya. Tana tafiya, tana tafiya, har hantsi ya dubi ludayi, sai ga kufai. Ga ganuwa ta zube, ga wata tsohuwar kuka, ga juji kamar tsauni. A can ƙololuwa kabewa tana zaune, girmanta kamar babban tulu. A reshen kukar kuwa adda tana lilo, gatari yana lilo, guduma tana lilo.

Ta yi sallama. Juji ya motsa, wani ɗan aljani ya fito, gajere, kansa ya fi jikinsa, toka har gira.

Ya ce, "Wa nake gani? An aiko ki tsintar itace ne?"

Ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, kabewa na zo nema. Kakana ne ba lafiya."

Aljani ya yi dariya har toka ta tashi. Ya ce, "Kowa da kakansa yake zuwa. To, ga sharaɗi. Sau uku za ki gwada. In ta yanku, taki ce. In ba ta yanku ba, wuƙarki ta hau kuka, ke kuma ki kama hanya."

Ta ce, "Na yarda."

Ta hau juji, ta tsaya a kan kabewa. Sai kabewa ta buɗe murya:

"Ni ce Ƙi-Wuƙa, 'yar juji,
Adda ta zo ta kwana,
Gatari ya zo ya kwana,
'Yar wuƙa, zo ki kwana."

Tasalla ta gyara tsayuwa. Ta kama wuƙa da hannu biyu, ta ɗaga sama, ta kawo sara da iya ƙarfinta. Ƙwal! Wuƙa ta zame. Kabewa ta mirgina.

Aljani ya ce, "Ɗaya!"

Kabewa ta gangara daga juji, gungurun-gungurun. Tasalla ta bi ta. Ta ratsa ƙarangiya, Tasalla ta ratsa. Ta kutsa cikin ƙaya, Tasalla ta kutsa. Ta faɗa rafi, tsundum, Tasalla ta faɗa. Can ta cafke ta a cikin laka, tana haki, zanenta duk ƙarangiya.

Kabewa ta ce, "Yarinya, koma gida. Maƙeri ma a nan na taka masa ƙafa."

Tasalla ta ce, "Gida zan koma, amma tare da ke."

Ta wanke ta tas, ta cuɗe lakar da ke jikinta. Ta tura ta gaba, ta mirgina hagu. Ta tura ta hagu, ta mirgina dama. Da ta ga turawa ba za ta yi ba, sai ta kwance ɗankwalinta, ta naɗe shi ta yi gammo, ta ɗora a ka. Ta durƙusa a ƙasan gaɓar rafi, ta jawo kabewa a hankali har ta hau gammon. Ta dafa gwiwa ta miƙe, wuyanta yana rawa.

Tana hawa, tana hawa, sai ta lura da wani abu. Kabewar nan da ba ta zama wuri ɗaya, tunda ta hau gammo ko motsi ba ta yi ba.

Ta ce, "Ƙi-Wuƙa, yaya na ji kin yi shiru?"

Kabewa ta ce, "Ina ruwanki? Hutawa nake."

Tasalla ta ce a ranta, to, na ji.

Da ta iso gindin kuka ba ta hau juji ba. Ta nemi wuri shimfiɗaɗɗe, ta sauke kabewa, ta ajiye gammo a ƙasa, ta zaunar da ita a kai daram. Kabewa ta yunƙura hagu, gammo ya riƙe. Ta yunƙura dama, gammo ya riƙe.

Aljani ya ce, "Kai! Wa ya koya miki wannan?"

Ta ce, "Ita."

Kabewa ta sake waƙarta, amma muryar ba ta kai ta ɗazu ba:

"Ni ce Ƙi-Wuƙa, 'yar juji,
Adda ta zo ta kwana,
Gatari ya zo ya kwana,
'Yar wuƙa, zo ki kwana."

Wannan karon Tasalla ba ta yi sara ba. Ta ɗora kaifin wuƙa a tsakiyar cikin kabewa, a gicciye, inda ya fi kauri. Ta danna. Ta hau da ƙirjinta ta danna. Wuƙa ta shiga kamar faɗin yatsa biyu, sai kabewa ta damƙe ta, gam. Ta ja, ta ƙi fita. Ta tura, ta ƙi shiga.

Aljani ya yi tsalle ya ce, "Biyu! Kuma ba na uku, tunda wuƙa ta kwana. Sakar mini kayana in rataye."

Tasalla ta ce, "Ranka ya daɗe, su Sarkin Fawa da makamansu suka maƙale, me suka yi?"

"Suka ja, suka ja, suka zage ta, suka saki suka tafi."

"To ni ban saki ba. Muddin hannuna yana kan ƙota, wuƙa tawa ce."

Aljani ya sosa ƙeya. Ya duba sharaɗinsa ta gaba, ya duba ta baya, bai ga inda ta karya ba. Ya ce, "Riƙe mana. Rana ce za ta raba mu." Ya koma inuwar kuka ya miƙe ƙafa.

Rana ta take tsaka. Tasalla tana riƙe. Gumi ya shiga idonta, ba hannun sharewa. Tafin hannunta ya ɗaye, tana riƙe. Ƙishirwa ta kama ta, ga rafi can tana jin kukansa, tana riƙe.

Aljani ya ce, "Ga ruwan sanyi a gora. Zo ki sha ki koma."

Ta ce, "Na gode, na ƙoshi."

Ya ce, "Ga kunama nan a bayan ƙafarki."

Ta ce, "In ta gama harbin ta wuce."

Ya ce, "Wa ya sani ma ko tsohon naki ya riga ya cika? Kina nan kina wahalar banza."

Wannan ta shige ta. Hawaye ya zubo, yatsunta suka yi sanyi, saura kaɗan ƙota ta kufce. Sai ta cije leɓe ta ce, "In ya cika, a yi sadakarsa da ita. Ba zan saki ba."

Tana nan sunkuye, idonta a kan kabewa, sai ga tururuwa sun jero. Suka hau ta gindi suka nufi sama. Kun san jikin kabewa, tudu ne da kwari, tudu da kwari, daga kai har gindi. Tururuwan nan kaf a cikin kwari suke tafiya, ba wadda ta gicciya ta hau tudu.

Tasalla ta ce wa ta gaba, "Sannu, uwar tafiya. Me ya sa ba kwa ratsawa? Ai ta nan ya fi kusa."

Tururuwa ta tsaya ta ce, "Ratsawa? Yarinya, wa yake hawa tudu ga hanya a shimfiɗe? Ita da kanta ta zana inda za a bi ta. Nan cikin kwari fatarta ta fi taushi, har ƙamshin cikinta muna ji. Ke ce dai kika zo mata a gicciye. Matsa mana da hannu, muna sauri."

Kabewa ta ce, "Munafuka! Wa ya tambaye ki?"

Tasalla ta daina ja. Ta shiga lanƙwasa wuƙa, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, sama kaɗan, ƙasa kaɗan, kamar mai girgiza haƙorin da ya yi lilo. Tun ba ta motsi har ta fara motsi. Can sai ga ta a hannunta, fit.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, saura ɗaya."

Aljani ya tashi zaune.

Ta goge hannunta a zane, ta goge ƙota don kada ta yi santsi. Ta gyara wa kabewa zama a kan gammo. Ta zaɓi kwari ɗaya, ta bi shi da yatsa tun daga kai har gindi. Ta ɗauki wani dutse daidai tafin hannu. Ta kafa tsinin wuƙa a cikin kwarin, kusa da kai, ta janye yatsunta daga gaban kaifi.

Kabewa ta fara, "Ni ce Ƙi-Wuƙa, 'yar ju..."

Ƙwas. Tasalla ta ƙwanƙwasa bayan wuƙa da dutse, a hankali. Tsini ya shiga. Ƙwas. Ya ƙara shiga. Ba ta yi gaggawa ba. Ta kwantar da wuƙa ta bi kwari, ƙwas, ƙwas, ƙwas. In ta ji ta fara cijewa sai ta zare, ta sake kafawa a gaba kaɗan. Ta kai gindi. Ta juya kabewa a kan gammo, ta kama kwarin da ke ɗaya gefen, ta biyo shi har ya haɗu da na farko. Sai ta ajiye wuƙa, ta sa manyan yatsunta biyu a cikin tsagar, ta ce bismillahi, ta buɗa.

Ɓas!

Kabewa ta rabe biyu. Cikinta ja wur kamar gwaiduwar ƙwai, ƙamshi ya cika kufai.

Kabewa ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wash! Shekara bakwai kowa ya zo dukana yake yi. Ba wanda ya wanke ni, ba wanda ya zaunar da ni, ba wanda ya duba ta ina ake bi na. Je ki da ni, 'yar nan, na gaji da juji." Daga nan ba ta ƙara magana ba.

Aljani ya zo yana zagaya ɓari biyun nan, yawu yana zuba. Ashe shi kansa bai taɓa ganin cikinta ba, shi ya sa yake tara mutane su fasa masa. Ya ce, "Tsaya, tsaya. Na ce kabewa taki ce. Ban ce da 'ya'yanta ba, ban ce da rigarta ba. 'Ya'ya nawa ne, ɓawo nawa ne da duk abin da ya manne a jikinsa. Kuma in inuwar kukar nan ta taɓa ganuwa ba ki gama ba, duka nawa ne."

A tunaninsa sauri zai sa ta yi ta gabtaro ɓawo da tsoka, rabin kabewa ya zama nasa.

Tasalla ta dubi inuwa, ta dubi ganuwa. La'asar ta kusa. Ta ce, "Kawo abin zuba naka."

Ta sa hannu ta kwashe 'ya'yan da zare-zaren da ke riƙe da su, ta kankare cikin da gefen wuƙa har ya yi sumul. Ta kife ɓari ɗaya a kan bakinsa don ya zauna, ta bi kwari tana fitar da shi tsagi-tsagi. Da buɗe ta aka yi, sauran ba wuya. Ta ɗauki tsagi ɗaya, ta kafa shi a ƙasan ƙwarya, ta fere shi daga sama zuwa ƙasa, kaifi yana kallon waje. Ɓawo yana faɗuwa siriri kamar ganyen albasa.

Aljani ya ɗaga ɗaya ya duba, har rana yake hangowa ta ciki. Ya ce, "Ke, ki ƙara kauri mana! Haka ake fira a garinku?"

Ta ce, "Haka ake yi in mai kabewa yana jin yunwa."

Tana fira, inuwa tana tafiya. Tana fira, inuwa tana tafiya. Ta yayyanka tsokar gunduwa-gunduwa, kowace daidai da 'yar'uwarta don su nuna tare. Inuwa ta rage taku uku, ta rage taku biyu, ta rage taku ɗaya. Tasalla ta jefa gunduwar ƙarshe a ƙwarya, ta karkaɗe gammo ta ɗora a ka, ta ɗauki kayanta.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, a huta gajiya."

Aljani ya dubi tulin ɓawon da ko akuya ba zai ƙosar ba. Haushi ya kama shi, ya ɗebi 'ya'yan ya watsa sama, iska ta kwashe su ta rarraba wa jujin kowane gari. Shi ya sa har yau za ku ga kabewa ta fito a juji ba wanda ya shuka ta.

Tasalla ba ta waiwaya ba. Tana sauri, tana sauri, rana tana sunkuyawa, ta shigo gari kafin magariba. Ta tarar da mata uku a tsakar gidansu sun yi jugum. Ta nufi ƙofar ɗaki da sauri.

Gwaggo Lantana ta tare ta ta ce, "Da sauran numfashi. Amma tun azahar bai amsa kowa ba. Ki bar wahalar da kanki, 'yar nan, zo ki zauna kusa da shi."

Tasalla ta sauke ƙwarya ta ce, "Gwaggo, a hura mini wuta."

Matan suka leƙa ƙwarya, suka dubi hannunta, suka miƙe. Ɗaya ta tafi ta kawo busasshiyar yakuwa. Ɗaya ta kawo 'yar gyaɗar da ta ɓoye a tukunya, ta hau dakawa. Gwaggo Lantana ta kawo daddawa da wani ƙashi da ta daɗe tana ajiya. Tukunya ta tafasa, kabewa ta shiga. Ta nuna, ta yi laushi, ta narke. Tasalla ta sa maburgi ta burge ta har ba gudaji ko ɗaya. Ta zuba a ƙoƙo, ta fifita ta huce, ta shiga ɗaki.

Ta tallafo kan tsoho ta ɗora a cinyarta. Ba nauyi, kamar busasshen duma.

Ta ce, "Ango, tashi, girki ya sauka."

Bai buɗe ido ba.

Ta lakato da yatsa ta shafa masa a leɓe. Miya ta gangaro ta gefen baki. Ta share. Ta sake lakatowa ta sa masa a harshe. Miya ta zauna a nan, bai haɗiye ba. Gwaggo Lantana daga bakin ƙofa ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Tasalla ta ce, "Wallahi ba ka isa ba. Na bi ta cikin ƙaya, na bi ta cikin rafi, na riƙe wuƙa tun rana tsaka. Sai ka sha."

Ta lakato na uku.

Maƙogwaron tsoho ya motsa, ƙut. Ya motsa kuma. Harshe ya fito ya lashi leɓe. Ta ba shi, ya haɗiye. Ta ba shi, ya haɗiye. Sai da ƙoƙo ya yi rabi sannan ya buɗe ido ɗaya, ya dube ta, bakinsa ya yi motsi. Ta kai kunnenta.

Ya ce, "Amarya."

"Na'am, ango."

"Gishiri bai ji ba."

Tasalla ta fashe da dariya, hawaye yana ɗiga a cikin ƙoƙon. Gwaggo Lantana ta ce, "Ku ji mini tsohon banza! Yarinya ta ƙwato maka kabewa a hannun aljani, kai gishiri kake nema?"

Ya ce, "A ƙaro dai. Da ɗan tuwo, in akwai."

Aka tuƙa masa mai ruwa-ruwa, ya ci loma bakwai. Sauran miyar aka rarraba wa maƙwabta, kowane gida ludayi biyu. Kwana uku ya tashi zaune. Kwana bakwai ya fito ƙofar gida da sandarsa, yana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa amaryarsa ba ta iya sa gishiri ba.

Abin da ke ciki, yara, abu mai tauri ba duka yake so ba. Ku zaunar da shi, ku duba ta inda ake bin sa, in kun kama kuma kada ku saki.

Ƙurunƙus! Ta faɗa tukunya ta narke. Wanda ya ce ƙarya na yi, gobe shi zai fere mana kabewa.